Daga Kakuri zuwa Katangowa: yadda gwanjo ya zama suturar ɗalibi

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a Kudu, musamman sababbin shiga. Duk farkon zango sai ka ga yaro ya karɓi kuɗin abincinsa na wata guda ya kai shagon sababbin kaya, wai don kar a ce yana sa gwanjo. Sati biyu ba su cika ba ya koma shan garin kwaki da cin bashi. To ku zo mu ɗan waiwayi tarihin wannan gwanjon da ake jin kunyarsa, don wanda ya san inda abu ya fito ba ya sunkuyar da kai a kansa.

Mu fa asalinmu masu sayar wa duniya tufafi ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Audugar tamu ce, masaƙa namu, marina namu, kuma har gobe karofin Ƙofar Mata na nan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai lissafi ya fara juyawa: auduga na fita ɗanya, yadin Manchesta na shigowa da araha.

Su Sardauna sun ga wannan, suka ce a riƙa saƙa audugar a gida. A 1957 masaƙar Kaduna, wato KTL, ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. A 1964 aka kafa UNTL, sai Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya. Dubban magidanta suka samu abin yi, Kakuri ta cika ta batse, atamfa 'yar gida ta shiga lefe. Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 a wannan yanayin suka yi ta. Ko a 1985, a farashin gwamnati naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja.

Shi kuwa gwanjo ta Kudu ya shigo, nan inda muke zaune yanzu. Kalmar gwanjo a Hausa asalinta cinikin wa-ya-ƙara ne, daga baya ta manne wa tufafin da aka taɓa sawa. 'Yan Kudu kuma suna ce masa okirika, sunan wani gari ne na bakin ruwa kusa da Fatakwal, inda ake cewa ta nan kayan suka fara sauka. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Ibo, musamman mutanen Abiriba da ke jihar Abiya ta yanzu, suka riƙe wannan sana'a. Da gwamnati ta haramta shigo da gwanjo don ta kare masaƙun gida, ba su daina ba, sai suka mayar da sansaninsu Kwatano da Lome. Daga can kaya ke tsallako iyaka, wasu ta Seme zuwa Legas, wasu su haura Nijar su biyo ta Maraɗi su faɗo Katsina da Kano. Kun ga ke nan rigar da ke Ƙofar Wambai da wadda ke Yaba wataƙila jirgi ɗaya ya sauke su.

Abin da ya mayar da gwanjo suturar kowa shi ne 1986. A shekarar gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Malamin makaranta da ma'aikacin ofis, waɗanda a da ba sa kallon gwanjo, suka fara durƙusawa suna zaɓe a gefen titi. Masaƙu kuma kayan gyaran inji da sinadaran rini da dala suke saye, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai. A 1997 aka buɗe ƙofar shigo da yadi, atamfar Chaina mai kwaikwayon zanen tamu ta cika Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wanda ya san Kakuri ya san gidajen da wannan ya rusa.

To me ya haɗa wannan da aljihunka? Komai ma. Rigar da Bature ya kai shagon sadaka a Ingila ko Amurka, kamfanoni ke saye su tantance, su matse ta cikin dila mai nauyin kilo 45 ko 55, a loda a kwantena. Da dala ake sayen dilar, a biya kuɗin tasha da sefa, sannan a biya na hanya. Shi ya sa da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwanjo ya yi tsalle. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ya sake yin wani tsallen. Mai gwanjo ba shi ya ƙirƙiro tsadar ba, kai ma ba gazawar babanka ba ce. Ɗalibin da ke jiran dubu 20 ta NELFUND a wata, ko alawus ɗin jiha da ba a san ranar zuwansa ba, ina shi ina gasa da masu sabon yayi?

Mu 'yan Arewa ma nauyinmu biyu ne. Akwai kaftani da hula na Juma'a da taron ƙungiya, 'yan mata ga hijabi da abaya. Sannan ga abin da sashe ke buƙata: masu karatun lauya fari da baƙi, masu likitanci farar rigar asibiti, ranar kare firojet kuma kwat da taye. Don haka a raba kasuwa biyu. Yadi da hijabi da hula a saye su a gida lokacin hutu, a ba telan unguwa, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shat da wando da kwat da rigar ruwa kuwa a nan suka fi yawa: Yaba da Katangowa da Aswani ta ranar Talata ga 'yan Legas, Oil Mill ta ranar Laraba ga 'yan Fatakwal, Aba ga na gabas.

Sanin yadda dila ke tafiya shi ne rabin cinikin. Ranar da aka fasa ta, masu shaguna ke sammako su kwashe na sama-sama, su wanke su goge su rataye, su ninka kuɗi. Sau da yawa abin da kake saye a shago mai gilashi da fanka ɗan dilar nan ne. In kana son mai kyau, yi sammako. In araha kake nema, bari yamma ta yi, mai kaya na son tashi. Duba wuya da hammata da zif, ɗaga rigar a rana ka ga ko ta sha jiki. In ta yi maka yawa, telolinmu na Sabo da Agege da Idi Araba za su rage maka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka wanke da ruwan zafi ka shanya kafin ka sa. Kuma ka tuna damina a nan doguwa ce, jins mai kauri sai ya kwana uku bai bushe ba, shadda mai sitati kuma ba ta son wannan laimar. Shat uku masu tsabta da wando biyu masu duhu sun isa zango guda.

Abu ɗaya da zan roƙe mu: mu daina yi wa juna dariya. Mai tambayar ɗan uwansa "a ina ka sayi wannan?" don ya muzanta shi, shi ke tura yara cin bashi da aron kaya, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Manya a cikinmu su riƙa jan ƙanana zuwa kasuwa su nuna musu hanya, masu gamawa su bar wa na baya kwat da farar rigarsu.

In akwai abin kunya a labarin nan, to na ƙasar da ke noma auduga ne amma 'ya'yanta na jiran abin da wasu suka cire. Masu karanta injiniya da tattalin arziki da noma a cikinmu, wannan aikin yana jiranku a Kakuri da Sharaɗa da Funtuwa. Kafin nan, kowa ya sa abin da aljihunsa ya iya, ya shiga aji da ƙarfin gwiwa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu gama lafiya.