Ƙananan jiragen ƙasa na wasa: tarihinsu, masu tara su da masu tuƙa su da tururi

Ƙaramin jirgin ƙasa na wasa kwaikwayon jirgin gaske ne, da kansa da taragai da layin dogo, wanda aka fara ƙera wa yara a Turai a ƙarni na 19. A yau manya ne suka fi riƙo da shi, kuma sun kasu gida biyu. Akwai masu tara tsofaffin jirage na kamfanonin da suka yi suna kafin 1960, suna adana su kamar kayan tarihi. Akwai kuma masu ƙera ko sayen ƙananan kawunan jirgi masu aiki da wuta da ruwa da tururi, suna tuƙa su a lambu ko a filin ƙungiya. Na farko ba ya son a taɓa jirgin, don kowane ƙwarzane na rage masa daraja. Na biyu kuwa a ganinsa jirgin da ba ya tafiya gunki ne kawai.

Asali

Jirgin ƙasa na gaske mai tururi ya fara aiki a layin jama'a a Ingila a 1825, tsakanin Stockton da Darlington. A Jamus layin farko ya haɗa Nuremberg da Fürth a 1835. Ba a jima ba masu ƙera kayan wasa suka bi sahu, da jirage na katako da na dalma da yaro ke ja da zare.

Daga wajajen 1840 maƙeran birnin Birmingham suka soma yin ƙananan kawunan jirgi na tagulla masu tukunyar ruwa da fitilar alkol a ƙasa. Ba su da layi, a kan daɓen ɗaki ake sakin su su yi ta tafiya har su ci karo da ƙafar kujera. Suna barin sahun ruwa a bayansu, abin da ya ja musu laƙabin masu dalala. Idan ɗaya ya kife, alkol mai ci ya zube a kan shimfiɗa, gobara ce.

Babban sauyi ya zo daga kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859 yana yin kayan girki na ƴar tsana. A kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891 ya nuna jirgi mai wani, irin wanin agogo, tare da layin da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, mai tsayayyen faɗi. Dabarar ciniki ce: wanda ya sayi jirgi bana zai dawo baɗi neman ƙarin layi, tasha, gada ko tarago, kuma duk za su dace da abin da yake da shi.

Manyan kamfanoni

Kafin yaƙin duniya na farko Jamus ce ke riƙe da kasuwar. Kamfanin ƴan uwa Bing na Nuremberg, da aka kafa a 1863, ya kai matsayin mafi girman masana'antar kayan wasa a duniya kafin ya durƙushe a 1932. Märklin ya fi shahara da jirage masu tsada da aka yi wa fenti da hannu, Bing kuwa da na kwano mai buga launi da inji, masu sauƙin kuɗi.

Yaƙin ya toshe hanyar kayan Jamus, sai kamfanonin wasu ƙasashe suka cike gurbin. A Ingila Frank Hornby, mai Meccano na birnin Liverpool, ya fitar da jiragensa masu wani a 1920, sannan ƙananan Hornby Dublo a 1938. A Amurka Joshua Lionel Cowen ya kafa Lionel a New York a 1900. Jirginsa na farko mai lantarki don jan hankalin masu wucewa ta gaban kanti aka yi shi, amma mutane suka nace sai an sayar musu da jirgin kansa. A farkon shekarun 1950 Lionel ya zama kamfanin kayan wasa mafi girma a duniya.

A Faransa sunayen da aka fi sani su ne JEP, mai jiragen kwano, wanda ya rufe a shekarun 1960, da Hornby na reshen Meccano a Bobigny, da kuma Jouef, da aka kafa a 1944, wanda ya sa jirgin roba mai arha ya shiga gidajen talakawa daga masana'antarsa ta Champagnole.

Daga ƙarshen shekarun 1950 kasuwar ta fara ja da baya. Mota da jirgin sama sun ƙwace wa jirgin ƙasa kwarjini, talabijin da motocin tsere na wasa suka ɗauke hankalin yara. An sayar da Meccano a 1964, masana'antar Jouef ta rufe a 2001, Märklin ma ya shiga hannun masu bin bashi a 2009 kafin ya sami sabon mai shi a 2013. Rufewar masana'antu na cikin abin da ya mai da tsofaffin jiragen abin nema.

Ma'auni da faɗin layi

Duk mai shiga harkar sai ya san abu biyu: sau nawa aka rage girman jirgin, da kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu. Ana auna su ne daga faɗin layin da ya fi yawa a duniya, milimita 1,435, wanda shi aka zaɓa wa layin Kano zuwa Maraɗi.

Lamba 1: faɗin milimita 45, an rage jirgi sau 32. Shi ya fi yawa kafin 1914, kuma masu tururi na son sa har yau.

Lamba 0: milimita 32, an rage sau 43 zuwa 48 gwargwadon ƙasa. Shi ne na zamanin jiragen kwano tsakanin yaƙoƙin duniya biyu.

HO: milimita 16.5, an rage sau 87. Sunan na nufin rabin lamba 0. Ya bazu daga tsakiyar shekarun 1930, kuma shi ya fi kowane farin jini a yanzu, domin yana shiga ɗaki ɗaya.

N da Z: milimita 9 da 6.5. Märklin ya fito da Z a 1972, an rage shi sau 220, kan jirgin bai fi tsawon yatsa ba.

Abin da ke sa tsohon jirgi tsada

Tsufa kaɗai ba ya sa daraja. An buga wasu jiragen da dubban ɗaruruwa, kuma ana samun su da kuɗi kaɗan a kasuwannin tsofaffin kaya na Turai. Abin da ake biya shi ne ƙarancin samfurin da kuma yadda ya tsira. Don yara aka yi su, yara kuwa sun yi wasa da su sun lalata, akwatunan kwali an jefar ranar da aka buɗe kyauta. Shi ya sa jirgin da ke cikin akwatinsa na asali, da mabuɗin waninsa da takardar bayani, kan ninka farashin tsiraicinsa. Akwatin ma shi kaɗai ana cinikinsa.

Ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, TCA, da aka kafa a 1954, ta tsara matakai goma na bayyana lafiyar jirgi, daga C-1, wanda sai dai a cire kayan gyara, zuwa C-10, wanda ba a taɓa amfani da shi ba. A 2006 an yi gwanjon wani jirgin Lionel na shekarun 1930 da taragansa, duk a akwatunansu, a kan kusan dala 250,000, wato kimanin miliyan 130 na CFA a canjin lokacin. A Turai ana rububin samfurin Märklin da ake kira Kada, kwaikwayon wani dogon kan jirgin lantarki na Suwizalan mai hanci biyu.

Sabon fenti yakan karya farashi ko da ya fi tsohon kyau. Masu tarawa sun fi son launin masana'anta da ƴan tabonsa. Nan ne zamba ke shigowa: a sake wa jirgi fenti da launin da ba a cika samu ba, a tsufar da shi, a buga sabon akwati a ce na da ne. Masana kan duba kan ƙusoshi ko an taɓa kwance su, su gwada lamba da kasidar kamfani ta shekarar, wasu su haska fitilar da ke bambanta sabon fenti da tsoho.

Akwai kuma cutar da babu maganinta. A shekarun 1920 zuwa 1950 an yi ta zuba ƙafafu da gangar jirage da haɗin ƙarfen zinki. Inda dalma ta gurɓata haɗin, ƙarfen kan kumbura a hankali, ya tsattsage, daga baya ya marmashe. Laima na hanzarta abin, kamar yadda take kawo tsatsa ga na kwano. Rana kuma na kashe launi, don haka ake ajiye su a busasshen wuri mai inuwa.

Yadda mai tururi ke aiki

Ƙaramin kan jirgi mai tururi inji ne na gaske. Ana zuba ruwa a tukunya, galibi ta jan ƙarfe, a kunna wuta. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da sau 1,600 na girmansa, amma da yake tukunyar a rufe take, sai matsi ya taru. Direba ya buɗe maƙogwaro, tururi ya shiga silinda ya tura fistin gaba da baya, sanduna su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, shi ne ƙarar nan ta numfashi da aka san jirgi da ita.

Ƙanana na lamba 0 da 1 suna cin alkol ko gas na butan, kuma cikin tukunya ɗaya kan kai su tafiyar minti 20 zuwa rabin awa. Manya, masu faɗin layi inci 3 da rabi, inci 5, ko inci 7 da kwata, wato milimita 184, kwal suke ci. Direba na zaune a tarago ta baya yana zuba kwal da ɗan shebur kamar cokali, yana duban gilashin ruwa, jirgin kuma na jan fasinjoji da dama. Ana amfani da ruwan sama ko tataccen ruwa, domin ruwan rijiya na barin farin dutse a cikin tukunya.

Yawancin manyan ba a kanti ake sayen su ba. Mutum ne ke sayen zane da ɗanyen ƙarfe ya sassaƙa kowane ɓangare a injin juyi, aikin da kan ci shekaru. Wanda ya buɗe wa talaka wannan hanya shi ne wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na Ingila, Lawrence, mai sa hannu da LBSC a mujallar Model Engineer. A farkon shekarun 1920 manyan harkar na cewa ƙaramin inji ba zai iya cin kwal ba. Ya ƙera wani mai faɗin inci 2 da rabi da ya sa wa suna Ayesha, ya nuna a bainar jama'a yana jan babban mutum. Daga nan ya shafe shekaru sama da 40 yana buga zane da bayani cikin harshe mai sauƙi.

Ga wanda ba maƙeri ba, kamfanoni irin su Mamod da Roundhouse na Ingila da Aster na Japan sun fitar da waɗanda aka gama ko na harhaɗawa. Daga cikin mashahuran masu wannan sha'awa akwai Walt Disney, wanda ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan mita 800 a gidansa na Los Angeles a 1950, da kan jirgi mai suna Lilly Belle, shekaru biyar kafin ya buɗe Disneyland.

Haɗari da ƙa'ida

Matsin tukunyar manyan yakan kai bar 6 zuwa 7, fiye da ninki biyu na iskar tayar mota, kuma ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa. Babban haɗari shi ne ruwa ya yi ƙasa wuta na ci, ƙarfe ya yi laushi. Saboda haka kowace tukunya na da bawul mai sakin tururi da kansa in matsi ya yi yawa. Ƙungiyoyi ba sa barin a kunna inji a filinsu sai da takardar gwaji: ana cika tukunyar da ruwan sanyi, a matsa ta fiye da yadda za ta yi aiki, sau ɗaya da rabi ko ninki biyu. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in akwai rauni yoyo za a gani, ba fashewa ba. Tsofaffin jiragen tururi na Bing ko Märklin kuwa, mafi yawan masu su ba sa kunna su sam, domin wuta na ƙone fentin da shi ne rabin darajarsu.

Inda harkar take a yau

Ana iya ganin tsofaffin jiragen a gidan tarihi na Rambolitrain da ke Rambouillet kusa da Paris, da na TCA a Strasburg ta jihar Pennsylvania, da na Märklin a Göppingen. A Hamburg, Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001 na da layin HO na fiye da kilomita 15, kuma yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Jamus.

Damuwar masu harkar ita ce shekaru. Yawancin masu tarawa mutane ne da suka yi ƙuruciya a shekarun 1940 zuwa 1960, suna sayen abin da suka mallaka ko suka yi sha'awa suna yara. Yayin da suke tsufa, magada na kai kayan gwanjo, intanet kuma ya nuna cewa abubuwa da dama da ake zaton ba su da yawa suna nan jibge. Farashin na gama-gari ya sauka, na musamman ne kawai suka riƙe darajarsu. A ɓangaren tururi abin da ake gudun ɓacewarsa shi ne sana'ar hannu, wato iya sassaƙa silinda da ɗinke tukunya. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke ware ranakun buɗe fili, su ɗauki yara a taragai, su kuma koya wa matasa hura wuta da tuƙi.