Kayan rage shan mai: suna aiki kuwa?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi ga mai noman rani. Shi ya sa za ka ga ana tallan maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙwaya ko ruwan da ake zubawa a tanki, wai don injin ban ruwa ko babur ya rage sha.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta duba irin waɗannan kaya fiye da 100, ba ta samu ko ɗaya da ya rage shan mai sosai ba. Wasu ma suna iya lalata inji. Ruwan wanke kabureta yakan taimaka idan ta yi datti, amma iyakarsa ya mayar da inji yadda yake a da.

Abin da ke rage sha da gaske:

- Wanke matatar iska, musamman lokacin ƙurar hunturu.
- Canja fulogi da baƙin mai a kan kari.
- Toshe duk inda mesa ke yoyo ko jan iska.
- Ajiye inji kusa da ruwa, kada ya wahala wajen zuƙowa.
- Ba tayoyin babur iska daidai.

Idan mai talla ya matsa maka, ka gwada. Zuba lita ɗaya, ka duba minti nawa inji zai yi. Sannan ka sa kayansa, ka maimaita a wuri ɗaya, da gudu ɗaya. In babu bambanci, riƙe kuɗinka ka sayi taki.