Furannin Duwatsun Alps: Daga Tsinka Zuwa Ɗaukar Hoto

Tun kafin ma'abota hoto su fara hawa duwatsun Alps ƙungiya-ƙungiya, al'adar matafiya a Suwizalan da Ostiriya ita ce, duk wanda ya kai can ƙololuwa inda itatuwa ba sa tsirowa, sai ya tsinko farin furen nan da ake kira edelwais ya soke a hularsa, domin ya zame masa hujja cewa ya taka inda matsoraci bai isa ba. Da mahaya dutse suka yawaita bayan kafa ƙungiyarsu a Landan a 1857 da ta Suwizalan a 1863, har mutanen ƙauye suka mai da tsinkar furen sana'a, sai israfin ya kai haddin da hukumar lardin Obwalden ta haramta tumɓuke shi da saiwarsa a 1878.

A wancan zamani kyamara ba ta da halin kawo ɗauki, domin sa'ad da mai ɗaukar hoto Bisson ya hau dutsen Mont Blanc a 1861, sai da 'yan dako 25 suka ɗauko masa gilasai da magunguna da tantin wankin hoto. Ko da Kodak ta rage nauyin kaya a 1888, hoton baƙi da fari ne, alhali kuwa martabar fure a launinsa take. Buɗi ya zo a 1907, lokacin da 'yan'uwa Lumière na Faransa suka fitar da gilashin hoto mai launi, mai ɗauke da rinannun ƙwayoyin sitacin dankali, ja da kore da shunayya. Sai dai da yake gilashin yana bukatar daƙiƙa guda ko fiye kafin ya sha haske, iskar dutse kuwa ba ta barin fure ya tsaya cik, tilas mai hoto ya durƙusa ya yi ta haƙuri har iska ta lafa.

Daga 1936, da fim ɗin Kodachrome mai launi ya shiga ƙananan kyamarori irin su Leica, ƙungiyoyin masu hoto suka riƙa fita a watan Yuni da Yuli bayan narkewar ƙanƙara, in hunturu ya kama su taru a haska hotunan da majigi, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ta haka hoto ya biya wa mutane bukatar da a da sai hannu ke biya, ya zama mataimakin doka. Abin da ya rage wa mai kyamara a yau shi ne ya kula da inda yake sa ƙafarsa, gama tsiron da ya kuɓuta daga tsinka amana ne, bai kamata ya halaka a ƙarƙashin takalmi ba.