Rikicin kwaɗo a majalisar Aljeriya, 2018: yadda aka cike kujerar da mai ita bai tashi ba

"Rikicin kwaɗo" shi ne sunan da ya bi taƙaddamar da aka yi a watan Oktoba na 2018 a majalisar wakilan Aljeriya, wadda aka fi sani da APN, lokacin da 'yan majalisa masu rinjaye suka ɗaure ƙofar ginin da sarƙa da kwaɗo don hana shugabansu, Said Bouhadja, shiga ofishinsa. Bayan kwana takwas suka zaɓi Mouad Bouchareb a madadinsa. Bouhadja bai yi murabus ba, bai mutu ba, kuma babu likitan da ya ce ya gaza. Duk da haka aka rubuta a takarda cewa kujerarsa babu kowa a kai. Har yau masana dokar ƙasar na kafa misali da wannan lamari, kuma ya yi kama ƙwarai da abin da ya faru a Yamai shekara huɗu kafin nan.

Yadda aka fara

An zaɓi majalisar ne ranar 4 ga Mayu 2017. Kujerunta 462, jam'iyyar FLN ce ke kan gaba, RND ta Ahmed Ouyahia, wanda daga baya ya zama firaminista, na biye da ita. Ranar 23 ga wannan watan aka ɗora Bouhadja, ɗan FLN daga Skikda, dattijo mai kusan shekara 80 wanda ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci. Ba wanda ya zaci za a ji kansa da jam'iyyar da ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa.

A ƙarshen Satumba 2018 ya sallami babban sakataren majalisar, Bachir Slimani. Cikin 'yan kwanaki shugabannin rukunonin FLN, RND, TAJ, MPA da na 'yan indifanda suka fito da takardar janye amana, suka ce 'yan majalisa 351 sun sa mata hannu. Sun zarge shi da rashin iya tafiyar da gida, da kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, da ɗaukar ma'aikata yadda ya ga dama. Ya musanta. Kwamitoci suka daina zama, ayyuka suka tsaya cak. Djamel Ould Abbès, sakatare janar na FLN, da shi kansa Ouyahia suka fito fili suka ce ya sauka.

Amsar Bouhadja ɗaya ce: ba zai tafi ba sai in shugaban ƙasa Abdelaziz Bouteflika ne ya nema. Wannan amsa ta fi yadda ake gani nauyi. Tun bugun jini da ya same shi a Afrilu 2013, Bouteflika ba ya yi wa jama'a magana kai tsaye, kowa kuma a Alje na cewa da sunansa yake aiki. Da Bouhadja ya ce a kawo masa umarnin mai gida, sai ya zama yana tambaya a bainar jama'a: wa ke ba da umarni a ƙasar nan? Fadar El Mouradia ba ta ce uffan ba.

Abin da doka ta ce

Nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 131 na tsarin mulkin 2016 ya ce ana zaɓen shugaban APN ne na tsawon wa'adin majalisa, wato shekara biyar. Bai tanadi hanyar tsige shi ba. Dokar cikin gida ta majalisar, a sashenta na 10, ta ambaci dalilai huɗu kacal da za su sa kujerar ta zama babu kowa: murabus, gazawa, riƙe wani muƙamin da bai haɗuwa da wannan, ko mutuwa. Takardar janye amana, ko da mutum 461 ne suka sa hannu, ba ta cikin jerin.

Saboda haka masu rinjaye suka kama kalmar "gazawa". Ranar Talata 16 ga Oktoba suka yi zaman dirshan a bakin ginin da ke kan titin Zighoud Youcef, suka garƙame ƙofa. Washegari ofishin gudanarwar majalisa ya zauna ba tare da shugabansa ba, ƙarƙashin El Hadj Laïb na RND a matsayinsa na mafi shekaru, ya ayyana cewa kujerar ta faɗi. Kwamitin shari'a ya tabbatar. Hujjarsu ita ce tunda yawancin 'yan majalisa sun ƙi aiki da shi, to ya gaza gudanar da aikinsa. Masu suka suka ce wannan tamkar a kulle mutum a waje ne sannan a rubuta masa laifin rashin zuwa aiki. Gazawar da dokar ke nufi, in ji su, ta jiki ce ko ta hankali, wadda likita ke shaidawa. Yana da wuya a karanta sashen a ga ba su da gaskiya.

Ranar Laraba 24 ga Oktoba aka zaɓi Bouchareb, ɗan majalisa daga Sétif mai shekara 47, shugaban rukunin FLN, da ƙuri'a 320. Shi kaɗai ne ɗan takara. Jam'iyyun adawa irin su MSP, FFS, PT da RCD sun ƙaurace wa zaman. Majalisar Tsarin Mulki ba ta yanke hukunci kan maganar ba, Bouhadja kuwa ya ci gaba da kiran kansa halastaccen shugaba.

Labari ɗaya, baki biyu

Wanda ya bi rikicin ta kamfanin dillancin labarai na gwamnati, APS, da talabijin ta ƙasa da jaridar El Moudjahid, abin da ya gani shi ne jerin sanarwowi: ofishi ya zauna, kwamiti ya tabbatar, an sa ranar zaɓe. Kalmar da aka riƙe ita ce vacance da Faransanci, shughur da Larabci, kamar dai kujerar ce ta wayi gari babu kowa don kanta. Wanda kuma ya karanta El Watan, Liberté, El Khabar ko shafin TSA, ya ci karo da wasu kalmomin daban, coup de force da putsch, tare da hirarrakin malaman tsarin mulki da na shi Bouhadja, wanda a can ne yake samun wurin magana. Hoton kwaɗon nan ya zagaye Facebook, masu zanen barkwanci suka samu abin yi na makonni.

Rabuwar ba ta rasa nasaba da kuɗi. A Aljeriya tallace-tallacen ma'aikatu da kamfanonin gwamnati suna bi ne ta hukuma ɗaya, ANEP, ita ke raba wa jaridu. Jaridar da aka yanke wa wannan famfo tana ji a jikinta, El Watan da El Khabar sun daɗe da sanin haka. Tashoshin talabijin masu zaman kansu kuwa, irin su Ennahar da Echourouk, a lokacin rajistarsu a ƙasashen waje take, suna aiki a cikin gida ne bisa lamunin hukuma, wanda ana iya janye shi kowace rana. Ennahar ta Anis Rahmani an san ta da kusanci da na kewaye da shugaban ƙasa.

Amma kada a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai ke da ra'ayi. Jaridun da suka tsaya wa Bouhadja a Oktoba ba su taɓa ganin majalisar 2017 da mutunci ba, zaɓen da ya kawo ta ma mutum ɗaya cikin uku ne kawai, ko sama da haka kaɗan, ya fita kaɗa ƙuri'a. Dattijon da jiya suke kira ɗan tsarin mulkin kama-karya ya zama musu gwarzon doka cikin dare ɗaya, domin ta hanyarsa ana iya dukan su Ouyahia. Zarge-zargen kashe kuɗi da aka yi masa ba su samu binciken da ya kamata daga kowane ɓangare ba. Masu goyon gwamnati sun maimaita su ba hujja, masu adawa sun tsallake su. Maimakon haka shafuka suka cika da hasashen wane gungu ne ke bayan wane, ana kallon zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2019.

A makon da aka zaɓi Bouchareb ne kuma aka kama 'yan jaridar intanet Adlène Mellah, Abdou Semmar da Merouane Boudiab. Ƙarar da aka kai Semmar da Boudiab ta ɓata suna ce, daga Anis Rahmani da gwamnan Alje Abdelkader Zoukh, ba ta shafi majalisa ba. Sai dai duk mai rubutu a intanet a wannan mako ya fahimci irin iskar da ke kaɗawa.

Daga Tamanrasset

Jihar Tamanrasset, wadda a lokacin ta haɗa da In Salah da In Guezzam, kujera biyar take da su cikin 462, kuma tsakaninta da ginin da aka kulle akwai kusan kilomita 2,000. Abin da ya shafe ta kai tsaye shi ne kasafin kuɗin 2019, wanda ya maƙale har sai da aka yi sabon shugaba, aka amince da shi a watan Nuwamba. A yankin da hanya, ruwa, asibiti da albashi duk daga baitulmalin ƙasa suke fitowa, tsayawar majalisa ba wasan manyan Alje ba ne kawai.

Ya kamata a bambance abu biyu da kan rikita masu sauraro. Kujerar ɗan majalisa na gama-gari ba ta jawo irin wannan rigima a Aljeriya, domin in ya mutu ko ya zama minista, ɗan takarar da ke biye a jerin sunayensu ne ke hawa. A Nijar a wancan lokacin kowane ɗan majalisa da mataimakinsa ake zaɓensa, shi ke gadonsa. A Najeriya zaɓen cike gurbi ake yi. Kujerar shugaban majalisa ce ke da sarƙaƙiya, saboda 'yan majalisa ke bayar da ita, kuma su ne ke son karɓe ta.

Abin da ya faru a Yamai

Masu zirga-zirga tsakanin Tamanrasset, Arlit da Agadez sun riga sun ga irin wannan. Hama Amadou ya zama shugaban majalisar dokokin Nijar a 2011 yana abokin tafiyar shugaba Mahamadou Issoufou, suka raba gari a Agusta 2013. Tsarin mulkin Nijar na lokacin, saɓanin na Aljeriya, ya ba da hanyar tsigewa, amma sai da kashi biyu cikin uku, wato 76 daga 113. Masu mulki ba su kai wannan adadi ba.

Sai shari'ar safarar jarirai daga Najeriya ta taso a 2014, aka kama mutane da dama har da ɗaya daga cikin matan Hama. Ranar 27 ga Agusta, da ofishin majalisa ya ba da izinin a gurfanar da shi, ya fice zuwa Burkina Faso, daga can ya wuce Faransa, yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Ranar 20 ga Nuwamba Kotun Tsarin Mulki ta ayyana kujerar babu kowa, ranar 24 aka zaɓi Amadou Salifou, ɗan MNSD da ya ɓalle ya bi gwamnati, da ƙuri'a 71. A nan ma Le Sahel da Télé Sahel maganar bin doka suke yi, jaridu irin su L'Enquêteur da Le Courrier kuma suna ganin maƙarƙashiya. Bambancin da ke akwai babba ne: a Yamai mai kujerar ya bar ƙasa kuma kotu ce ta yi magana, ko da 'yan adawa ba su yarda da ita ba. A Alje mai kujerar yana gari, kotu ba ta ce komai ba.

Ƙarshen waɗanda suka yi

Bouchareb bai ji daɗin kujerar ba. A Nuwamba 2018 aka ƙara masa jagorancin FLN bayan tafiyar Ould Abbès, sai ga zanga-zangar Hirak ta ɓarke ranar 22 ga Fabrairu 2019, Bouteflika ya sauka ranar 2 ga Afrilu. Sunan Bouchareb ya shiga jerin waɗanda masu zanga-zanga ke cewa su tafi, 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya, suka dakatar da aiki kamar yadda aka yi wa wanda ya gada. Ya yi murabus ranar 2 ga Yuli 2019. Ranar 10 ga watan aka zaɓi Slimane Chenine daga ƙawancen jam'iyyun Islama na adawa.

Shugabannin jam'iyyu huɗun da suka tsaya bayan takardar janye amana, Ouyahia, Amara Benyounès na MPA, Ould Abbès da Amar Ghoul na TAJ, duk an tsare su a watannin Yuni da Yuli na 2019 kan tuhumar cin hanci. An kama Anis Rahmani a Fabrairu 2020. Bouhadja ya rasu a Nuwamba na wannan shekarar. Shugaba Abdelmadjid Tebboune ya rusa majalisar a farkon 2021, kuma a zaɓen 12 ga Yuni kujeru sun ragu zuwa 407, In Salah da In Guezzam suka samu nasu wakilan a matsayin sababbin jihohi. Jaridar Liberté ta daina fitowa a Afrilu 2022.