Ko Mutum Na Iya Ƙin Alherin Allah? Tsohuwar Gardamar Kirista Da Labarin Wusasa

'Yan'uwana mata, duk wadda ta zauna a Samaru ko Sabon Gari ba ta rasa maƙwabciya Kirista, wadda kuke aron turmi da rariya, kuna kai wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. To, rannan a nan Unguwar Gabas na iske biyu daga cikinsu a bakin famfo suna ta musu a kan ɗan ɗayarsu, saurayin da ya daina zuwa coci ya kama bin 'yan shaye-shaye. Uwar tana hawaye tana cewa yaron ya juya wa alherin Allah baya, in ya mutu a haka ya hallaka. Ɗayar kuwa cewa take, "Haba Yaya, kwantar da hankalinki. In dai Allah ya zaɓe shi, ko ramin kura ya shiga sai ya jawo shi. Wa ya isa ya ƙi?" Littafi ɗaya suke karantawa, amma ba su san musun nan nasu ya haura shekara 1,600 ana yin sa ba.

Alheri a bakin Kirista ba kyautar zane ko kwanon abinci ba ne. Taimakon da Allah ke yi wa mai zunubi suke nufi, ba don ya cancanta ba, ya taɓa zuciyarsa har ya ba da gaskiya ya sami ceto. Kusan dukkansu sun yarda Allah ne ke farawa. Inda aka rabu shi ne, in ya taɓa zuciyar, mutum na da ikon cewa a'a? Wadda ta yi karatun tauhidi a Islamiyya za ta tuna da Jabariyya da Ƙadariyya, don tambayoyin suna kama da juna, ko da yake kowane gida da irin amsarsa.

Abin mamaki, da hawayen uwa maganar ta faro, kuma a nan Afirka. A ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya an yi wata mata Monika, tana da ɗa Agustin, haifaffen 354, mai ƙwaƙwalwa kamar me, sai dai taurin kai da son duniya. Shekara da shekaru tana yi masa addu'a yana zillewa, har ya taɓa yaudararta a bakin teku ya shige jirgin ruwa cikin dare ya tafi Rum ya bar ta tana kuka. Sai a 387 ya karɓi baftisma. Da ya zama bishop na garin Hippo ya waiwayi rayuwarsa, sai ya ce ai ba shi ya nemi Allah ba, gudu yake yi aka kamo shi. Wani malami daga Birtaniya mai suna Filajiyus ya ce wannan magana za ta sa mutane lalaci, tunda Allah ya ba da umarni to lalle mutum na da ikon bi. Taron malaman coci a Kartaj ya ƙi koyarwarsa a 418.

Wutar ba ta mutu ba. Jon Kalbin na birnin Janeba, wanda ya rasu a 1564, ya ƙarfafa ra'ayin Agustin. Sai wani malamin jami'ar Leiden a ƙasar Holan, Yakubu Arminiyus, ya ja da shi. Bayan rasuwarsa a 1609, almajiransa suka rubuta takardar ƙorafi mai batu biyar a 1610, na huɗu yana cewa ana iya ƙin alheri. Hujjarsu tana cikin Ayyukan Manzanni sura 7, inda Istifanus ya zargi masu sauraronsa da yi wa Ruhu Mai Tsarki tsayayya. Mutanen Kalbin suka kawo Yohanna sura 6, inda aka nuna Uba ne ke jawo duk mai zuwa. Suka ce ba wai ana jan mutum da igiya yana turjewa kamar akuya ba ne, zuciyar ake sakewa har ta so abin da take ƙi da.

Aka yi babban taro a garin Dot daga 1618 zuwa 1619, aka kayar da mutanen Arminiyus, aka kori limamansu wajen 200 daga aiki. Da yake siyasa ta shiga ciki, a watan Mayu 1619 aka sare kan wani dattijon shugaban ƙasar, Oldenbarnevelt, yana da shekara 71. Wani masani kuma, Girotiyus, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Ku ji aikin mace: matarsa Mariya ce a 1621 ta cusa shi cikin akwatin da ake kawo masa littattafai, masu gadi suka ɗauke shi da hannunsu suka fitar, ita ta zauna a ɗakin.

Duka ra'ayoyin biyu sun shigo ƙasarmu. Cocin Katolika tun taron Trent a 1547 ta ce mutum na iya ƙi, haka ma Methodist mabiyan Jon Wesli, kuma da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajajen 1911 mutanen Kudu sun zo da cocinsu Sabon Gari. Koyarwar Dot kuwa ta bi ta ƙasar Tibi tun 1911, da kuma wajen Takum, inda wata Ba'amurkiya, Johanna Veenstra, ta yi aiki daga 1920 har ta rasu a 1933.

Amma inda na fi son mu tsaya shi ne labarin Likita Mila na mishan ɗin CMS. A 1900 shi da Bishop Tugwell suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. A 1905 Mila ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Mutumin nan ya ji Hausa kamar jakin Kano, yana ba da magani, ya buɗe makaranta, yana fassara Littafi Mai Tsarki wanda aka buga cikakke a 1932. Ya shafe shekara ashirin da 'yan kai a birni, amma waɗanda suka bi shi daga mutanen birnin ba su taka kara sun karya ba. A 1929 mishan ta koma Wusasa, bayan gari.

Waɗanda suka zo masa da yawa kuwa ba shi ya je nemansu ba. A Kano an yi wani Malam Ibrahim da ya riƙa fifita Annabi Isa cikin wa'azinsa, aka kashe shi wajajen 1867, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu wajen Ningi da ƙauyukan kan iyaka. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka tako da ƙafarsu har wurin Mila. Aka kafa musu gari a Gimi, Allah sarki, cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu ɓarna, sauran suka dawo Zariya, daga baya Wusasa. Daga 'yar al'ummar Kiristocin Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Gowon ya tashi.

Ki ba mabiyin Kalbin wannan labari, zai ce kin gani ko, wanda aka zaɓa ya zo ba a kira shi ba, wanda ba a zaɓa ba ko shekara ashirin aka yi a ƙofar gidansa a banza. Mabiyin Arminiyus zai ce a'a, ai cikin Isawan ma da yawa sun ji sun ƙi, ashe kowa da zaɓinsa. Ni dai a ganina dukkansu sun yi gaggawa. Mutanen birni suna da addininsu da malamansu tun ɗaruruwan shekaru, ba su ɗauka alherin Allah suke ƙi ba, a wurinsu riƙe shi suke yi. Sannan Mila ya shigo ne daidai lokacin da bindigar Nasara ta ci ƙasar, shi da Sarki Aliyu kuma ba sa ga maciji. Wa zai iya tantance wanda ya ƙi saƙon da wanda ya ƙi ɗan aiken?

Maƙwabtan nawa dai har yau ba wadda ta sauya ra'ayi. Ɗaya tana tsoron yaron zai ƙi har ƙarshe, shi ya sa take tashi addu'a da asuba. Ɗayar ta tabbata ba zai iya ƙi ba, amma ita ce ke buga mata ƙofa su tafi tare.