Rushewar Gidan Ilojo a Ikko

Duk wanda ya san Dandalin Tinubu a Ikko kafin 2016 ya san Gidan Ilojo. An gina shi wajen 1855, bisa fasalin ginin da 'yantattun bayi suka komo da shi daga Barazil. Gidan Fernandez ake ce masa, har Alfred Olaiya, mahaifin mawaƙin nan Victor Olaiya, ya saye shi a 1933.

A 1956 Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, watau doka ta hana a taɓa shi. To, amma doka ba ta kwana gadi. Ran Lahadi, 11 ga Satumba 2016, jajiberen Babbar Salla, ofisoshi duk a rufe, sai ga katafila. Kafin hukuma ta farga, gidan shekara 160 ya zama fili.