Sikila da zazzaɓin cizon sauro: Abin da binciken Garki ya gano

Masana kimiyya sun ce kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 a ƙwayoyin halittarsa, waɗanda babu su a jikin iyayensa.

Akasarinsu ba sa cutarwa kuma ba sa amfanarwa. Wasu kan jawo cuta, 'yan ƙalilan kuma su zamo kariya. Domin gane ko wanne ne, masana kan duba yawan masu ɗauke da sauyin da suka rayu har suka hayayyafa, su kwatanta da waɗanda ba su da shi.

Fitaccen misali shi ne sauyin da ke haddasa sikila, wato amosanin jini. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba yana da rukunin SS, kuma shi ne ke fama da cutar. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya kuwa yana da AS.

A shekarar 1954 ne Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Binciken Garki

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin a ƙauyukan Garki. A lokacin yankin yana cikin jihar Kano, amma tun 1991 ya koma Jigawa mai hedkwata a Dutse.

Sakamakon da Alan Fleming da abokan aikinsa suka wallafa a 1979 ya nuna cewa kashi 24 cikin ɗari na jarirai suna da AS, amma a tsakanin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kashi 29.

Ba a sauya rukunin jini bayan haihuwa. Saboda haka ƙaruwar na nufin zazzaɓi ya fi kashe yara masu AA.

Su kuwa masu SS, kimanin kashi biyu ne cikin ɗari na jarirai, kuma da wuya a same su cikin manya, domin galibinsu sun rasu tun suna ƙanana.

Wannan ne ya sa sauyin bai ɓace ba: rayukan da yake salwantarwa ta hanyar SS, yana ceto kwatankwacinsu ta hanyar AS. A inda babu zazzaɓin, illarsa kaɗai ke saura.

Idan ma'aurata biyu masu AS ne, yiwuwar haifar mai sikila ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar gwajin jini kafin aure.